Lambun da Ya Ƙi Huda: Nazari Kan Dashen Itacen Fici a Gefen Kaduna

Lambun da wannan nazari ya shafa yana cikin ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da titin Kaduna zuwa Zariya, kuma mai shi tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya rungumi noma, wanda za a riƙa kira Alhaji kawai a cikin wannan rubutu. Shekara 5 da suka wuce ya ware wani yanki na lambun ya dasa itace 36 na wani ɗan itace da ba a saba gani a ƙasar Hausa ba, wanda Turawan Ingila ke kira peach, Larabawan Masar da na Hijaz kuma ke kira khaukh. Da yake ba shi da suna a Hausa, ma'aikatan lambun sun lanƙwasa sunan Turancin zuwa fici, shi ne kuma zan bi. Girmansa kamar na matsakaicin lemon zaƙi ne, ɓawonsa na da laushi da ɗan gashi-gashi kamar karammiski, yana da tsagi a gefe guda, a tsakiyarsa kuma akwai ƙwallo ɗaya mai tauri mai zane-zane.

An neme ni na duba lambun ne a ƙarshen watan Fabrairu, bayan hunturu na uku ke nan a jere da Alhaji ya zuba ido ya ga huda bai ga ta kirki ba. Tambayarsa ɗaya ce: itatuwan sun girma, an ba su taki, an ba su ruwa, an yi musu feshi, to me ya hana su 'ya'ya?

Yadda aka fara

Alhaji ya fara cin fici ne a Ɗa'ifa lokacin da ya je umara, ya dawo da sha'awarsa a rai. Bai tsaya wuri ɗaya wajen neman dashe ba, wannan kuwa, ko da yake ba da niyya ya yi ba, shi ne ya mai da lambun nasa tamkar filin gwaji. Dashe 20 ya saya a hannun wani mai sayar da dashe a bakin titi wanda ya ce daga Jos aka kawo su. Da aka tambaye shi sunan irin, sai ya ce mai ja ne, mai zaƙi, iyakar bayaninsa ke nan. Guda 10 kuwa daga ƙwallo aka tsirar da su: ɗan Alhaji ya sayo fici na Afirka ta Kudu a wani babban kanti, aka cinye, ya binne ƙwallayen cikin yashi mai laima a firji kusan wata 3 har suka tsaga, domin ƙwallon wannan itace ba ya tsira sai ya sha sanyi. Sauran 6 masu aure ne, wani aboki ya taho da su daga Masar, kowanne da ɗan allon roba a wuyansa mai ɗauke da suna Florida Prince. Ya kamata a faɗa a nan cewa shigo da dashe daga wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, ba don wahalar da manomi ba, sai don cututtukan da saiwa da ƙasar da ke manne da ita kan ɗauko.

Shekara 2 na farko babu abin da ya nuna akwai matsala. Itatuwan sun yi tsawo da sauri, ganyensu siriri dogo ya yi kore shar, har baƙi kan tsaya su tambayi ko wace bishiya ce. Asarar farko ta zo a watan Agusta na shekara ta biyu, lokacin da ruwa ya kwanta kwanaki a gangaren lambun inda ƙasar ke da laka, itace 7 suka bushe cikin mako biyu, 5 daga na Jos, 2 daga na Masar. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a cikin itatuwan lambu da wuya a sami wanda ya kai fici ƙin kwanciyar ruwa a gindinsa. Abin da mangwaro ko gwaiba za su jure su ci gaba da harkarsu, shi kwana kaɗan ya ishe shi mutuwa. Jigawa mai zurfi mai tsane ruwa yake so, ba fadama ba. Saura 29 suka rage, su ne na tarar.

Abin da na gani a ranar bai yi kama da yunwa ko cuta ba. Itatuwan Jos da na ƙwallo sun tsaya da rassa dogaye tsirara, sai ɗan tulin ganye a can ƙarshen kowane reshe kamar gezar masara, idanun da ke jikin reshen kuwa sun ƙi buɗewa, idan aka taɓa su sai su faɗo a bushe. Ta gefen da rana ke duka ɓawon manyan rassa ya ƙone ya tsage, gara ta sami hanya. Daga gindi kuma sabon toho mai ƙarfi na ta fitowa, wanda babban ma'aikacin lambun ya nuna mini a matsayin shaidar cewa takin yana aiki. Ya ce da ni, "Malam, ai ƙarfi suna da shi, taurin kai ne kawai." Wani maƙwabci ya riga ya gaya wa Alhaji cewa kambun baka ne, saboda yawan masu zuwa kallo. Maganin da aka yi ta maimaitawa shi ne ƙarin takin zamani da ƙarin ban ruwa daga rijiyar burtsatse, sakamakonsa kuwa ƙarin toho a gindi. Guda 4 na Masar ne kaɗai suka bambanta: sun yi 'yar huda ruwan hoda jefi-jefi wadda ta ja tsawon makonni maimakon ta fito lokaci guda, a shekarar da ta gabata kuma sun riƙe 'ya'ya 'yan kaɗan, ƙanana, wasu masu tsini a baki.

Sanyin da itacen ke ƙirgawa

Asalin fici ƙasar Sin ne, inda aka tono ƙwallayensa masu shekaru dubbai a lardin Zhejiang, kuma har yau Sin ce ke noma fiye da rabin abin da duniya ke samarwa. Daga can ya bi hanyoyin fatauci zuwa Farisa, shi ya sa masana tsirrai suka laƙaba masa Prunus persica, suna zaton daga Farisa ya fito. Itace ne na ƙasashen da ke da sanyi mai tsanani, kuma dabarar rayuwarsa a kan wannan sanyi aka gina ta. Idan kaka ta yi a can, sai ya zubar da ganye, idanunsa su shiga barci mai nauyi, ba za su farka ba sai sun tara wani adadi na sa'o'in sanyi. Hikimar a bayyane take: da ɗumin kwana biyu a tsakiyar sanyi zai iya tada shi, da ya yi huda ƙanƙara ta dawo ta ƙone ta.

A nan ne manomin ƙasarmu kan yi kuskure da kyakkyawar niyya. Mun san itatuwa masu zubar da ganye. Kuka na zubarwa da rani, gawo ma nasa ya saɓa wa kowa, da damina yake tsiraita. Amma kuka ruwa take jira, da an yi yayyafin farko ko ma kafin nan ta toho. Fici ba ruwa yake jira ba, don haka duk ban ruwan da aka yi wa na Alhaji kamar ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ta ciki ne.

Hanya mafi daɗewa ta auna wannan buƙata, wadda aka fara amfani da ita a Amurka tun wajen 1950, ita ce ƙirga sa'o'in da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 na Salshiyas a lokacin barcin itacen. A 1974 masana a jihar Utah suka fito da lissafin da ya fi wannan daidai, wanda ya nuna cewa sanyin da ya fi amfani yana tsakanin digiri 3 zuwa 9, abin da ya kai digiri 13 zuwa 15 ba ya ƙara kome, zafin da ya haura digiri 16 kuwa yana goge abin da aka riga aka tara. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne ya fi shafar mu. A Kaduna, wadda ke kan tudun da bai wuce kimanin mita 600 ba, daren Disamba da Janairu kan sauka zuwa wajen digiri 14 ko 15, da wuya ƙwarai ya kusanci 10, da rana kuma ya haye 30. Sanyin da ke sa mu hura wuta da asuba, mu naɗe yara da rigunan sanyi, leɓɓa su tsage, a lissafin wannan itace bai kai a rubuta ba, ɗan abin da ya samu da dare kuma rana ta karɓe kafin azahar.

Iri, ba taki ba

Fici ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai naman rawaya mai ɗan tsami, akwai mai fari wanda zaƙinsa ya fi fitowa, shi aka fi so a Sin da Japan. Akwai wanda ƙwallonsa ke rabuwa da nama da zarar an tsaga, akwai wanda naman ke manne da ƙwallo, irin wannan na biyu mai tauri shi ake zubawa a gwangwani, kamar Kakamas na Afirka ta Kudu. Akwai mai faɗi kamar waina. Har nektarin, mai santsin ɓawo, wanda mutane da yawa ke ɗauka wani ɗan itace ne daban, fici ne da ƙwayar halitta guda ta hana shi gashi. Duk waɗannan bambance-bambance mai saye a kanti suka dama. Wanda ya dami mai dasawa shi ne wanda ba a gani da ido, wato sa'o'in sanyin da kowane iri ke nema, kuma wannan gado ne a jininsa, babu takin da ke sauya shi.

Irin Elberta, wanda Samuel Rumph ya fitar a jihar Jojiya ta Amurka a shekarun 1870, yana neman kimanin sa'a 850. Redhaven, wanda aka fitar a jihar Mishigan a 1940 kuma ya zama ma'aunin da ake gwada sauran iri da shi, yana neman wajen 950. Yawancin abin da ake nomawa a Italiya da Sifen da Girka da Turkiyya na buƙatar ɗaruruwan sa'o'i. A ɗaya gefen kuma akwai irin da Jami'ar Florida ta shafe shekaru tana tacewa domin wurare masu ɗumi: Flordaprince, wanda aka fitar a 1982, yana neman kimanin sa'a 150, TropicBeauty ma haka, UFSun kuwa kusan 100. Flordaprince ɗin nan shi ne Masarawa ke rubutawa Florida Prince, yana kuma cikin manyan irin da suke nomawa.

Da wannan bayani lambun Alhaji ya fassara kansa. Guda 10 na ƙwallo 'ya'yan itatuwan Afirka ta Kudu ne, inda akasarin noman fici ke yankin Kef ta Yamma mai sanyin hunturu na gaske, don haka sun gaji buƙatar da Kaduna ba ta da abin biya. Na Jos kuwa, ko da gaskiya mai dashen ya faɗa, Jos na kan tudun kimanin mita 1,200, ninki biyu na Kaduna, kuma abin da ya yi huda a Vom, kusa da Jos, ba dole ne ya yi a Igabi ba. Guda 4 masu suna su kaɗai ne buƙatarsu ta yi ƙasa har ta kusanci abin da wurin ke bayarwa, su ma ba ta cika ba, shi ya sa hudarsu ta zo a warwatse. A ganina babban kuskuren da aka yi a wannan lambu ba zaɓen fici ba ne, sayen dashe marar suna ne. Ba mu yarda mu sayi irin masara ko shinkafa ba tare da sanin sunansa da kwanakinsa ba, bai kamata itacen da za a yi wa hidimar shekara 3 kafin a ga ɗansa na farko ya fi su sauƙin saye ba.

Alhaji bai karɓi wannan bayani nan take ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "To Malam, Masar da Saudiyya ai sun fi mu zafi. Yaya aka yi su yake yi musu?" Na ce, ranka ya daɗe, zafin bazararsu ya fi namu, amma ba bazara itacen ke dubawa ba. Alƙahira na kan layin digiri 30 arewa da tsakiyar duniya, Kaduna kuwa tsakanin 10 da 11 take. A Janairu daren Alƙahira kan sauka wajen digiri 9 ko 10, ranarta kuma da ƙyar take kai 20, saboda haka sanyin da aka tara da dare yana kwana ya wuni. Ɗa'ifa inda ya ci na farko kuwa tana kan duwatsu masu tsawon kusan mita 1,800. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kamar mu kuma suke noma shi, irin su Habasha da Kenya da Benezuwela, duk a kan tsaunuka suke yi. Wanda ba shi da nisa daga tsakiyar duniya, sai ya nemi tsawo. Igabi ba ta da ko ɗaya.

Abin da za a iya yi, da iyakarsa

Akwai dabarar da manoman wurare masu ɗumi ke amfani da ita, wato hana itacen shiga barci mai nauyi tun farko. Ana janye ban ruwa na wasu makonni, a tsige ganyen da hannu ko a ƙone shi da feshin yuriya mai kauri, a yi wa rassa aski, sannan a dawo da ruwa da taki, sai idanun su buɗe kafin barcin ya yi nisa. Da irin wannan hanya ake noman tuffa a Batu ta tsibirin Jaba a Indunusiya, da fici a tsaunukan Benezuwela. Ba baƙuwar dabara ba ce a jihar nan ma, domin manoman inabi na Kudan da askin rassa suke sarrafa lokacin da kurangarsu za ta yi 'ya'ya. Sai dai inabi ya fi fici sauƙin lallashi nesa ba kusa ba, kuma dabarar na aiki ne a kan irin da dama buƙatarsa kaɗan ce. Ba za ta mai da sa'a 900 ta koma sifili ba. Akwai kuma maganin feshi mai suna Dormex da ake tada idanu da shi, amma guba ne mai ƙona fata, Tarayyar Turai ta janye izininsa, ban kuma ga dalilin da zai sa a miƙa shi ga ma'aikacin da ke feshi da silifas ba saboda itace 4.

Ko an samu huda, sauran rina a kaba. Zafin da ya wuce digiri 25 a lokacin huda yana rage ɗaukar 'ya'ya, Fabrairun Kaduna kuwa ya wuce nan kullum, don haka dole a ja hudar ta faɗo a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin da zafin ya fi sauƙi. Abin da ke taimakawa shi ne Flordaprince na nuna cikin kimanin kwana 80 daga huda, ke nan za a tsinke kafin damina ta kankama ta zo da ruɓa. Akasarin fici ba ya buƙatar wani iri a kusa domin barbara, shi kaɗai ya wadatar da kansa, amma yana buƙatar a rage 'ya'yan tun suna ƙanana a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninsu, abin da ke yi wa manomi ciwo ƙwarai idan 'ya'yan dama ba su da yawa. Ƙudan da ke huda mangwaro da gwaiba ba zai ƙyale shi ba. Akwai kuma tsutsar saiwa mai sa ƙulli, wadda masu tumatir suka sani sarai, wadda saboda ita ake aura fici a kan gindi mai jure mata kamar Nemaguard ko Flordaguard. Wani ɓangare na lambun Alhaji kuwa tsohuwar gonar tumatir ce. Bayan tsinka ma ɗan itacen ba ya ƙara zaƙi, laushi kawai yake yi, kwanaki kaɗan yake ɗauka a zafinmu, idan kuma ya daɗe a firjin gida namansa kan koma gari-gari. Wanda ke tunanin kai shi kasuwar Bakin Dogo a buhu bai taɓa riƙe nunanne a hannu ba.

Saboda haka shawarar da na bayar ba mai daɗin ji ba ce. A matsayin sana'a, ban ga hanyar da fici zai biya kuɗin ruwansa a kewayen garin Kaduna ba. Wanda ke son gwada shi da gaske a jihar nan, duwatsun Kagoro da suka haura mita 1,000 sun fi cancanta ya duba, da iri mai suna, a jigawa. A matsayin sha'awa kuwa, kuma sha'awa ba laifi ba ce ga wanda ya san ita yake yi, ana iya riƙe 'yan kaɗan a bi su da lissafi.

Alhaji ya ɗauki mako biyu kafin ya yanke hukunci. An sare 21 daga cikin marasa suna, aka haƙe gindinsu, da damina ta sauka aka maye gurbinsu da mangwaro mai aure da gwaiba. An bar 4 mafiya lafiya daga na ƙwallo, aka datse su, aka aura musu idanu daga na Masar, don a ga ko gindin da ya riga ya kafu zai ɗauki sabon kai. A 3 daga cikinsu auren ya kama. An shafa wa kututturan farar ƙasa saboda ƙunar rana, an tara ƙasa a gindin kowanne an fitar da magudanar ruwa kafin Agusta. An rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma a inuwa a tsakiyar itatuwan, ma'aikacin nan da ya ce taurin kai ne shi ke rubuta lambobin a littafi kowace safiya bayan sallar asuba. An tsara janye ruwa a farkon Nuwamba, tsige ganye da aski a farkon Disamba. Allunan roba da suka zo daga Masar sun fara kodewa, don haka Alhaji ya sa an rubuta sunan irin da fenti a jikin falankin ƙarfe, an kafa ɗaya a gaban kowane itace daga cikin 8 da suka rage.